Minti Arba'in da Bakwai

Lahadi, 7 ga Satumba, bakwai da rabi na yamma

Yaya Nur yana asibiti a Djougou. Matarsa Zouéra ta ce yana numfashi, idonsa a buɗe. Na ce ta miƙa masa waya in ji muryarsa, ta ce, "Shakira, ke dai ki zo." Babu mota sai da safe.

Wannan littafin shi ya saya min bara, don in riƙa rubuta tashinmu da saukarmu a wasan jirgin da muke yi a kwamfuta kowace Lahadi. Na riga na rubuta na yau a shafin baya: Parakou zuwa Djougou, jirgi biyu, tashi huɗu da kwata. Na cike gurbin saukata. Nasa na bar shi fari.

An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, an maido. Ban ci komai ba.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan azahar, asibitin Djougou

Mota ta yi awa uku a hanya saboda ruwa. Da na shiga ɗakin na wuce gadonsa ban gane shi ba, sai da Zouéra ta jawo mayafina. Bakinsa ya karkace gefe ɗaya. Hannun dama yana kwance a kan zani kamar ba nasa ba. Ya dube ni. Ya gane ni, na ga ya gane ni. Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Ya sake gwadawa, sai ya rufe ido.

Na ce, "Sannu, Yaya." Iyakar abin da na iya ke nan.

Inna ta zo daga Partago tare da yayanta, Kawu Usaini. A waje, a kan benci, ta tambaye ni wane irin jirgi ne wannan da ake cewa yana tuƙawa sa'ad da ya faɗi. Na ce, "Inna, ba na gaske ba ne. Shi yana ɗakinsa nan Djougou, ni ina nawa a unguwar Guéma, can Parakou, amma a allon kwamfuta sama ɗaya muke ciki, tare da mutanen wasu ƙasashe da ba mu taɓa gani ba. A manyan filayen jirgi akwai wanda ke ba da izini, ya ce kai tashi, kai sauka. Ƙananan filaye irin namu babu kowa. Kai ne za ka danna maɓalli ka faɗi sunan filin, da sunan jirginka, da inda kake, da abin da za ka yi, don wanda yake kusa ya ji ya kauce maka."

Ta ce, "To wa yake amsa muku?"

Na ce, "Yawanci ba kowa."

Ta ce, "Ikon Allah. Babban mutum, malamin makaranta, yana zaune yana magana shi kaɗai."

Likita ya tambaya ƙarfe nawa abin ya fara. Sau biyu ya tambaya, ya ce yana da muhimmanci. Zouéra ta ce, "Biyar da rabi na same shi a ƙasa. Ina maƙwabta ana min kitso, Shakira ta kira ni ta ce in je in duba shi." Ya juyo gare ni ya ce me ya sa na kira. Na ce ya daina ɗaukar waya. Ya rubuta biyar da rabi.

Ba ƙarya na yi ba.

Talata, 9 ga Satumba, la'asar

An kawo shi babban asibitin Parakou don a ɗauki hoton kansa. Na zauna a bayan motar asibiti ina riƙe da ƙafarsa duk hanya. Duk ramin da muka faɗa sai ya runtse ido.

Laraba, 10 ga Satumba, hantsi

Sun ga abin a hoto. Likitan nan ya nuna mana wani tabo da bakin biro, ya faɗi sunansa. Ba zan rubuta sunan ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan magariba

Muhammad Amin ya aiko saƙo. Mutumin Yamai ne, yakan biyo hanyarmu a wasan wani lokaci, ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani. Ranar Lahadin da abin ya faru yana cikin wasan tare da mu. Ya rubuto: "Salam. Yaya labarin yayanki? Kin same shi?"

Na karanta daga saman waya ba tare da na buɗe ba, don kada ya ga na gani.

Asabar, 13 ga Satumba, shida na safe

Ga yadda kwanakin suke. Asuba in dama kunu in zuba a kwalba. In hau zem, babur ɗin haya, zuwa asibiti, in karɓi Zouéra ta je ɗakina ta yi wanka ta ɗan kwanta. Takwas da rabi in wuce shagon fotokofi. Azahar in dawo. La'asar in koma. Jiya na buga wa wani ɗalibi shafi arba'in a kife, Madam mai shagon ta dube ni kawai, ta tattara takardun ta sake bugawa da kanta.

Kunu yana zuba ta gefen bakinsa. Idan na kai hannu zan goge sai ya kawar da kai. Zouéra kaɗai yake bari.

Mutumin da ba a iya tsayar da shi in ya fara magana. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, shi ake ba makirufo. Tun muna yara shi ke yi min magana, a makaranta, a gaban Baba, a wurin mai kanti. A wasan ma haka. Shekara guda muna tashi tare, shi ke sanarwa da murya, ni da rubutu nake yi, don ina jin kunya maza baƙi su ji muryata. Kullum yana cewa, "Danna ki yi magana mana, ba wanda zai cije ki."

Lahadi, 14 ga Satumba, huɗu da kwata

Yanzu ne lokacin. Na rufe kwamfutar da zani.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan azahar

Yau aka koma makaranta. Ban san yadda aka yi ya sani ba, wataƙila yaran da ke wucewa ta bayan taga da kayan kaki ya gani. Da bakwai ta yi ya fara ƙoƙarin sauko da ƙafa daga gado. Yana nuna agogo da hannun hagu, yana nuna rigarsa. Zouéra ta ce, "Malam, an ba ka hutu, darakta ya kira, ya ce ka huta." Ya buga gadon da hannu. Ya sake bugawa. Sai ya kwanta ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa.

Ban taɓa ganin kukansa ba. Ko ranar da Baba ya rasu, da ya ajiye takardun makarantar tuƙin jirgi ya nemi aikin koyarwa don ya riƙe mu, dariya yake yi, yana cewa daman idonsa ba zai ci jarrabawar ba.

Na fita na tsaya wurin masu sayar da lemu har aka kira azahar.

Laraba, 17 ga Satumba, hantsi

Akwai wata Madam Amariya da ke zuwa ta motsa masa hannu da ƙafa, tana kuma koya masa magana. Gajera ce, ba ta wasa. Ta ce kalmomin suna nan a kansa, hanyar fitowa ce ta toshe. Ta ce mu gwada masa abin da ya haddace tun da daɗewa, irin wanda baki ke yi da kansa. Kawu ya fara masa Fatiha. Ya bi. Wallahi ya bi, a hankali, wasu wurare suna zamewa, amma ya kai ƙarshe. Inna ta durƙusa ta kai goshi ƙasa a nan tsakiyar ɗakin.

Daga nan Madam Amariya ta nuna masa kofi ta ce mene ne wannan. Shiru.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Bari in rubuta daidai.

Ni kaɗai ce da shi, Zouéra ta je alwala. Na tuna maganar Madam Amariya. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Djougou trafic…" Haka ake buɗe sanarwa, wato duk wanda ke kusa da filin Djougou ya saurara.

Sai ya ce, "Tango Uniforme Roméo, en finale."

Sunan jirginsa ke nan, da sanarwar da ake yi in jirgi ya miƙe ya nufi titin sauka. Da muryarsa. Muryarsa ta da, har da yadda yake jan ƙarshen. Shi kansa ya firgita, ya zaro ido. Na ce, "Parakou trafic," ya yi ta tashi gaba ɗaya, ba tuntuɓe ko ɗaya. Muka yi uku, muka yi huɗu. Yana dariya da rabin baki, ni ina kuka. Mai jinyar gadon kusa ta taso tana tambaya lafiya.

Zouéra ta shigo ta ji. Butar ta faɗi daga hannunta. Ta ce, "Malam! Malam, ka ce Zouéra. Ka ce Fatchima, 'yarka."

Ya dube ta. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "En finale."

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan magariba

Yanzu komai en finale ne. Kana son ruwa? En finale. Ina ke ciwo? En finale. Ya san ba abin da yake nufi ke nan ba, yana faɗa yana girgiza kai.

An kawo Fatchima yau, karo na farko. Shekararta shida, an yi mata kitso, ta zo da littafin aji ɗaya don ta nuna masa. Ta ce, "Baba, ka ga, an ba ni." Ya shafa kanta. Ya faɗi abin. Ta juyo ta ce, "Gwaggo Shakira, me ya ce?" Na ce ya ce ya yi kyau.

Zouéra ta ja ni waje. Ta ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta san finale ƙarshe ne. Ta ce, "Yana gaya mana ne? Kada ki ɓoye min." Na rantse mata cewa maganar sauka ce kawai. Ba ta yarda ba, na gani.

Kawu ya ce kada in ƙara yi masa zancen jirgi. Ya ce, "Bakin da ya fara buɗewa da Fatiha kin je kin cusa masa yaren wasa. Wannan abin da yake sawa a kunne ma, wa ya san ba shi ya jawo ba?" Na ce likita ya ce hawan jini ne. Ya ce, "Likita yana wurin sa'ad da ya faɗi?"

Ni ce nake wurin.

Lahadi, 21 ga Satumba, azahar

Saƙo na uku daga Amin. Ban buɗe ba.

Talata, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Za a sallame shi Juma'a. Likita ya ce abin da ya rage aikin motsa jiki ne da magana, sau uku a mako, kuma a Parakou ake yi. Kawu ya ce Partago za a kai shi. Akwai malamin da zai riƙa yi masa rubutu, akwai mai gyaran jijiya, kuma Inna tana son sa kusa.

Na ce ya zauna wurina a Guéma. Kawu bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma ya fi min. Ya ce, "Ɗakinki ɗaya. Kina fita aiki tun safe. Wa zai ɗaga shi ya kai shi banɗaki, ke? Ko wannan baiwar Allah da ta rame ta zama sanda? A can akwai maza huɗu a gida. Ki gaya min na yi kuskure."

Bai yi kuskure ba. Madam Amariya ma ba ta yi ba, da ta ce watannin farko su ne komai.

Na dubi Zouéra ko za ta goya min baya. Tana kallon yatsun ƙafarta. Na dubi Yaya. A gabansa ake yin duk wannan, yana bin bakin kowa da ido. Kawu ya ce, "Nuru, Partago ko?" Ya faɗi abin da yake faɗa. Kawu ya ce, "To, kun ji."

Da ni ce ta da, da na kira likita, da na tsaya a ƙofa. Amma da wane baki zan ce ni na fi sanin abin da ya dace da shi?

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan azahar, gidan Yaya a Djougou

Ni da Zouéra muka zo ɗaukar kayansa. Ba wanda ya shiga ɗakin karatunsa tun ranar. Kujera tana kife yadda ta faɗi. Kofin shayi ya yi fumfuna. Taswirar da ya zana da hannu tana manne a bango, Parakou zuwa Djougou, da jan layi.

Zouéra ta ɗauko kas, abin ji da magana da yake sawa a kai, tana naɗe wayarsa. Ta ce, "Kin san har na shigo yana kunnensa? Yana kwance a nan, abin yana kansa. Ni na cire masa. Idonsa biyu, yana kallon ƙofa."

Na ce zan shiga banɗaki. Na daɗe a ciki.

Alhamis, bayan la'asar

Yana ji. Duk yana ji.

To bari in rubuta.

Mun tashi huɗu da kwata, shi a gaba, ni a baya, Amin yana zuwa daga arewa. Huɗu da minti arba'in da ɗaya Yaya ya danna zai sanar cewa ya kusa Djougou. Na san lokacin don wasan yana ajiye komai. Ya ce "Djougou" daidai. Sauran ya fito a cakuɗe, kamar mai magana da tuwo a baki. Ya sake dannawa, ya sake cakuɗewa. Na yi dariya. Yakan kwaikwayi muryar mashaya ya ba ni dariya, na ɗauka shi ne. Akwai layin da mu biyu kaɗai muke ji, a nan na ce, "Yaya, ka daina shirme, akwai baƙo." Na ji wani ƙara kamar an ture abu. Na ce rezo ne, layin sadarwa ke yankewa.

Jirginsa bai juya ba. Ya wuce saman Djougou ya miƙe yamma. Ina kallonsa a taswira yana tafiya, ina cewa, "Ina za ka, Togo?"

Amin ya rubuto a gefen allo: "Muryar nan ba daidai take ba. Ki kira shi a waya." Na gani. Na ce bari in sauka tukuna.

Tun da Yaya ya yi shiru, ba mai sanarwa, ga kuma Amin yana tahowa filin. Sai na danna. Karo na farko. Na faɗi sunan filin, na faɗi sunan jirgina, Tango Hôtel Kilo, na faɗi inda nake, muryata ko rawa ba ta yi ba. Na yi duka sanarwa huɗun da ake yi har na sauka na kauce daga titi. Na yi murna. Na koma layinmu ina cewa, "Ka ji ni? Yaya, ka ji ni kuwa? Ai sai ka yaba!" Na yi ta faɗa. Na ce masa mai baƙin ciki.

Sai hadari ya taso, na fita kwashe shanya. Na tsaya muna hira da maƙwabciyata a kan tsadar doya a kasuwar Arzèkè. Da na dawo Amin ya rubuto sau biyar. Na ƙarshe ya ce shi ma'aikacin jinya ne, don Allah in aiki wani. Jirgin Yaya yana can cikin Togo, yana tafiya shi kaɗai.

Na kira wayarsa sau uku. Na kira Zouéra biyar da minti ashirin da takwas. Gida biyu ne tsakaninta da shi.

Juma'a, 26 ga Satumba, hantsi

Na gaya wa Zouéra da asuba, muna ninke kaya. Ban rage komai ba. Ba ta daina ninki ba har na gama. Ta ɗaure ƙullin, ta zauna a kai.

Ta ce, "Minti nawa?"

Na faɗa.

Ta ce, "Kitso ake min. Kitso, Shakira."

Can ta ce, "Da kin bar shi a cikinki. Yanzu ni ma zan riƙa lissafawa." Na ce ta yafe min. Ta ce, "Ni ce na kwanta a ƙasa?"

Muka ɗauki kayan, muka hau motar Parakou.

Juma'a, bayan la'asar

Sun tafi da shi. Kawu a gaba, shi a baya tsakanin Inna da Zouéra. Madam Amariya ta ba ni takarda mai zanen motsa hannu, na ba Zouéra, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Litinin, 29 ga Satumba, azahar

Na tare likita a baranda na gaya masa lokacin gaskiya. Na ce da an kawo shi da wuri fa? Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce akwai maganin da ake yi a awannin farko, amma sai an ɗauki hoto, hoton kuma a Parakou yake, ga nisan hanya, ga ruwa. Ya ce mai yiwuwa da ba abin da zai canja. Na ce mai yiwuwa? Ya ce, "Ba zan iya ce miki tabbas ba, madam. Ta kowane gefe."

Na so ya zage ni ko ya wanke ni. Ya duba agogo ya ce ana jiransa.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan magariba

Na amsa wa Amin. Layi biyu. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce shi ma ya yi ta tunanin da ya sanar da murya maimakon rubutu.

Asabar, 4 ga Oktoba, safe

Rezo a Partago sai an hau tudun bayan masallaci. Kawu ya kira ya ce da sauƙi, yana cin abinci, yana tsayawa in an riƙe shi. Na ce magana fa? Ya ce da sauƙi.

Lahadi, 5 ga Oktoba, huɗu da rabi

Na yaye zanin na kunna. Na ajiye jirgi a bakin titin Parakou, inji yana juyawa. Ba kowa a sama duk faɗin arewacin ƙasar. Yatsana yana kan maɓallin. Na zauna haka har aka ɗauke kuran.

Laraba, 8 ga Oktoba, azahar

Na roƙi Madam mai shago ta ba ni hutu ranar Asabar. Ta ce in je.

Asabar, 11 ga Oktoba, biyar da rabi na yamma, a mota, hanyar Djougou

Na isa Partago kafin azahar. Na same shi a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, a kan kujerar roba, an rufa masa ƙafa da bargo. Ya yi haske, ya kuma rame. An aske masa kai. Inna ta ce ya daina faɗin wancan abin kwana biyar ke nan. Ya daina faɗin komai, sai karatu in malam ya ja masa. Inna tana ganin ci gaba ne.

Takardar Madam Amariya tana manne a ƙofar ɗakinsu, ta yi laushi don taɓawa. Zouéra tana yi masa safe da yamma. Ta amsa gaisuwata, ta kawo min ruwa, ta ja Fatchima suka shiga madafa. Na gane ta bar mana wuri ne.

An ajiye masa kwanon dafaffiyar gyaɗa a cinya, sabuwa, ta gonar Kawu. Na jawo tabarma na zauna a ƙasa wajen ƙafarsa.

Na ce, "Yaya, ranar nan ka ji ni."

Ya ɗaga kai ya sauke.

Na ce, "Duka?"

Ya sake.

Duk da haka na faɗa masa, daga dariyar har shanyar, har doyar Arzèkè. Wannan ɓangaren bai sani ba, ya ji shiru ne kawai a kunnensa. Na ce ban san ko da na kira da wuri da yanzu yana gaban aji ba, likita ma bai sani ba. Na ce ba na roƙonsa ya ce komai.

Ya daɗe yana kallona. Bakinsa ya motsa. Na ga kalmar tana zuwa, na ga ta tsaya. Ya matse leɓe don kada wancan ya fito a madadinta. Gumi ya tsatso masa a goshi. Daga ƙarshe ya saki numfashi ya dubi kwanon.

Ya ɗauki gyaɗa ɗaya da hannun hagu. Ya matsa, ta zille ta faɗi. Na kai hannu zan ɗauko, ya ture hannuna da gwiwarsa. Ya ɗauki wata. Ya kai baki ya fasa da haƙoran gefen da ke aiki, ya ajiye a cinya, yana ɓarewa da babban yatsa. Ya ɗauki lokaci, ban san nawa ba, ban duba agogo ba. Direba ya yi hon a ƙofar gida, Kawu ya leƙo ya ce in ban tashi ba zan rasa motar Parakou. Ban motsa ba.

Ƙwaya biyu ce a ciki, ɗaya ta murƙushe. Ya jawo hannuna, ya buɗe tafin, ya zuba. Ya rufe min yatsu a kai.

Ban san ko yafiya ce ba. Wataƙila ya ga ban ci komai ba ne tun safe. Ba zai iya gaya min ba, ni kuma ba zan tambaya ba.

Na ci a gabansa. Gishiri ya yi mata yawa. Na ce masa zan dawo Asabar mai zuwa, ya miƙa hannu cikin kwanon ya ɗauki wata.